Yadda za ku haɗa wa mai kansar jini gudummawa kuɗin bai yanke a tsakiyar magani ba

Shekaranjiya da daddare wata 'yar uwa ta kira ni muryarta na rawa, wai an ce ƙaninta kansar jini gare shi, kuma ta ji labarin mun taɓa haɗa wa yaron maƙwabcinmu kuɗin magani, toh ta ina za su fara. Mun fi awa guda a waya har katinta ya ƙare na sake kiranta, da muka gama na ce gara in zauna in rubuta, don wallahi abubuwan da na gaya mata da wani ya gaya mana su tun farko da ba mu sha wahalar da muka sha ba.

Yaron namu shekararsa bakwai lokacin. Zazzaɓi ne yau da gobe, a je kemis a ce maleriya, a koma a ce taifot, yaro ya yi fari fat kamar an tsotse shi, dasashinsa na jini in ya yi buroshi, ga wasu tabo baƙaƙe a ƙafafu kamar wanda aka zane alhalin ba wanda ya taɓa shi. Sai da aka dangana da asibitin koyarwa suka ɗebi ɓargo daga ƙashin ƙugunsa sannan aka ce lukimiya ce, wato kansar jini.

Abu na farko, don Allah kar ku yi gaggawar watsa lambar akawun. Ku fara zama da likitan sashen cututtukan jini, mutum biyu da biro da takarda, don uwa ko uba a ranar ba sa fahimtar rabin abin da ake faɗa musu. Ku tambaya wane iri ne, maganin wata nawa zai ɗauka, zagaye nawa na kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, jini fa kamar leda nawa ake tsammani, sannan ku roƙa a rubuta muku rahoton likita mai tambarin asibiti da ƙiyasin kuɗi ko da na wata uku-uku ne. Kansar jini ba ɗaya ba ce. Irin da ta fi kama yara, wadda ta kama namu, maganinta shekara 2 zuwa 3 ne, watan farko shi ne mai zafi, sai wasu watanni na zirga-zirga, sai kuma dogon zango na shan ƙwaya a gida ana zuwa gwaji. Akwai limfomar Burkitt mai kumbura wa yara muƙamuƙi ko ciki, tana saurin girma amma tana jin magani sosai in an fara da wuri, ita watanni ne. Akwai kuma wata mai tafiyar hawainiya da ta fi kama manya, saifa ta kumbura, ita ƙwaya ake sha kullum mai suna imatinib, kuma tun 2003 ake raba wannan maganin kyauta a asibitin koyarwa na Ile-Ife ta hannun wata ƙungiyar agaji mai suna Max Foundation, kaga wanda yake da wannan abin da zai fi buƙata kuɗin mota ne da na gwaji da wanda zai raka shi, likitansa ne zai gaya muku yadda ake shiga. In ba ku san wanne kuke fama da shi ba, ba ku san nawa kuke nema ba.

Nan ne mu muka yi kuskure, kuma da hannuna a ciki. Mun saki bidiyo a Facebook da WhatsApp, jama'a suka tausaya, sati biyu alat na shigowa ba dare ba rana har muka ɗauka an gama. Muka daina roƙo, muka yi ta godiya. Kafin wata huɗu kuɗi sun tafi a magani da jini da gwaje-gwaje, muka dawo muna neman ƙari, sai ka ji ana cewa ba wannan yaron ne aka tara wa ba kwanaki, ina kuɗin suka shiga. Ba laifin mutane ba ne, mu ne ba mu gaya musu tafiyar shekaru ce ba. Har sai da zagaye ɗaya na kemo ya makara da kwana tara, uban yaron yana zaune a ƙofar gida da takardar magani a aljihu ya rasa wanda zai sake tunkara.

Abin da ya cece mu tsarin adashi ne. Maimakon jiran babban mai kuɗi ya zo ya share hawaye gaba ɗaya, ku nemi mutanen da za su ɗauki alƙawarin ɗan abu kaɗan duk wata har magani ya ƙare. Mutum 100 kowa naira 2,000 ya zama 200,000 duk wata, kuma mai albashi ko mai shago ba zai ji ta a jikinsa ba. Ku buɗe guruf ɗin WhatsApp na masu alƙawari kawai, a kulle shi shugabanni kaɗai ke rubutu don kar ya koma gurin tura wa'azi da tallan atamfa, a samu mutum ɗaya mai haƙuri da sakin fuska kamar uwar adashi, shi ne zai dinga tunatarwa daga 25 ga wata lokacin da albashi ke shiga. Kuma a lissafinku kar ku taɓa saka kuɗin da aka ce za a bayar, musamman na 'yan siyasa da ake shelantawa a taro, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. In ya shigo alhamdulillahi, ku ajiye shi gefe don ranar gaggawa, domin ranar tana nan zuwa.

Sai maganar amana. Kar kuɗin su shiga akawun ɗin uban mara lafiya da yake cefane da shi, ba don ana zarginsa ba, a'a, don a raba shi da bakin mutane da kuma 'yan uwan da za su fara zuwa rance. Ku kafa kwamiti na mutum uku, ɗaya daga dangi, ɗaya daga masallaci ko coci ko wanda mai unguwa ya yarda da shi, ɗaya wanda ya iya lissafi, a buɗe akawun na musamman da sai mutum biyu sun sa hannu kuɗi ke fita. Ku kula da ƙananan akawun ɗin nan da ake buɗewa da lambar waya, na matakin farko ba ya riƙe fiye da naira 300,000, sai mutane su yi ta tura kuɗi yana komawa ku ba ku sani ba. Duk Juma'a a saki hoton rasit da abin da ya shigo da abin da ya fita da abin da ya rage, ko da ba wanda ya tambaya. In da hali ku dinga biya kai tsaye a asibiti ko gurin sayar da magani. Mu tun da muka fara haka surutu ya mutu, har wasu da suka janye suka dawo da kansu.

Game da hoto da bidiyo ni dai ina da ra'ayi mai ƙarfi. Ba sai an nuna yaro tsirara da robar hanci yana numfashi sama-sama ba kafin mutane su bayar. Yaron nan in Allah ya tashi kafaɗunsa zai girma ya ga bidiyon, budurwa ce za ta yi aure, magidanci ne yana da surukai. Ku nemi izinin mai ciwon ko iyayensa, ku sa hotonsa na lokacin da yake lafiya, da rahoton likita an rufe lambar fayil da adireshi. Sannan ku rubuta sunan akawun da lambar da kwanan wata a tsakiyar hoton yadda ba za a iya yanke su ba, saboda akwai marasa tsoron Allah da ke kwafe irin wannan su sauya lamba su ci gaba da karɓa da sunan ɗanku.

Inda za ku ƙwanƙwasa kuwa da yawa. Limamin Juma'a da kwamitin masallaci, ku je musu da takardu tun kafin ranar. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta uban ko uwar, 'yan layinsu a kasuwa, abokan aiki. Masu fitar da zakka, don mara lafiyan da magani ya talauta ko bashi ya yi masa katutu yana cikin waɗanda aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambata, amma ku ware kuɗin zakka daban da na sadaka ku tambayi malami yadda za a damƙa su. Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi, Sokoto tana da ta Zakka da Waƙafi, a rubuta musu takarda a bi sawu. A cikin asibitin kansa ku nemi ofishin soshiyal welfiya, masu kula da marasa lafiyan da ba su da hali, mutane da yawa ba su ma san da shi ba. Asusun tallafin masu kansa da gwamnatin tarayya ta kafa, wanda asibitin Shika da na Gombe da babban asibitin ƙasa na Abuja suke cikin na farko-farko, da kansar mama da ta bakin mahaifa da ta maza da ake ce wa furostet aka fara shi, don haka ku tambaya amma kar ku jingina da shi. GoFundMe kuma, shafin tara gudummawa na intanet, ba a buɗe shi daga Najeriya, sai in kuna da amintacce a Amurka ko Ingila da zai buɗe da sunansa ya turo.

Yanzu ga abin da kuɗi ba sa sayowa da ƙarfe biyun dare, jini. Ciwon da kemon duka suna durƙusar da ɓargo, mara lafiya zai yi ta buƙatar ƙarin jini da kuma ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, likitoci na ce musu filetilet, su kuma kwana 5 kacal suke yi a ajiye. Ba zan manta daren da hancin yaron nan ya ɓalle ba, uwar ta tare da ɗankwalinta har ya jiƙe sharkaf, ga kuɗi a akawun amma muna ta kiran wayoyi a kashe. Washegari muka sayi littafi mai bango muka fara rubuta sunan duk matashin da ya yarda, da rukunin jininsa, da lambarsa, da ranar da ya bayar na ƙarshe. Namiji yana iya bayarwa duk wata 3, mace wata 4, daga shekara 18 zuwa 65, nauyi ya kai kilo 50, abin da ake ɗiba kusan mililita 450 ne jiki kuma yana mayar da shi. Ku samu aƙalla mutum talatin ku jera su layi-layi, ko rukuninsu bai zo ɗaya da na mara lafiya ba a rubuta su, don bankin jini na karɓar musanya. Da azumi a tsara masu bayarwa bayan shan ruwa. Ku guji masu sayar da jininsu a bakin get. Kuma in likita ya ce wataƙila a kai ga dashen ɓargo, 'yan uwa na jini kar su ba shi nasu, a bar su don wannan ranar.

Dashen ɓargon ma in an ambace shi, kafin ku fara tara miliyoyin tafiya Indiya ku ji ta bakin likita na biyu, kuma ku yi magana da asibitin can da kanku, ba ta bakin dillali kaɗai ba.

Dubiya abu ne mai lada, amma mai shan kemo garkuwar jikinsa a ƙasa take, murar da kai za ka yi kwana biyu ka warke shi tana iya kwantar da shi. Sai a samu dattijuwa ɗaya da ake jin kunyarta ta tsaya a ƙofa, a gaisa daga nesa, mai tari ya yi addu'arsa daga gida, a wanke hannu, a bar kawo fura da nonon tallan da ɗanyen latas. Ku saya musu ma'aunin zafin jiki, in ya kai 38 ba jiran gari ya waye, ba zuwa kemis, asibiti kai tsaye. Mu wani mai adaidaita a layinmu ne ya ce wayarsa a kunne take ko ƙarfe nawa, kuma bai taɓa karɓar sisi ba. Mata suka raba kwanaki, wannan ta kai abinci asibiti, waccan ta riƙe ƙannen yaron, wata ta karɓi uwar kwana ɗaya ta je ta yi wanka ta yi barci.

Za a zo muku da labarin mai magani a ƙauye kaza da ya warkar da wane. A yi addu'a a yi sauka a yi sadaka, duk muna yi, amma kemo kar a tsaya, kuma duk abin da za a ba shi ya sha a nuna wa likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki sama da kashi 80 cikin 100 na yara masu kansa suna warkewa, a da yawa daga ƙasashe irin namu ba a kai 30 ba, kuma cikin manyan dalilan akwai barin magani a tsakiya. Galibi sai yaro ya ji sauƙi ya fara wasa, kuɗi kuma sun yi ƙasa, sai a ce ai ya warke. A daidai wannan lokacin ne kwamiti zai fi matsa ƙaimi.

Tun ranar farko ku rubuta ku sanar abin da za a yi da ragowar kuɗi in magani ya ƙare ko in ta Allah ta kasance, a bar wa iyalin ne ko a mayar kan wani mara lafiyan, don ranar makoki ba ranar wannan muhawarar ba ce. Mu mun rubuta za a biya bashin da uban ya ci tukuna, saura a kai wa yaran da ke kwance a ɗakin da ya yi jinya.

Yaron yanzu yana zangon shan ƙwaya, gashinsa ya fito, ya koma makaranta da takunkumi a fuska, saura wata bakwai a lissafin likita kuma masu alƙawari na nan suna turowa. Littafin jinin ya kai suna sittin da wani abu, nas-nas ɗin ɗakin yara sun san da shi suna kiranmu in wani yaron ya rasa mai ba shi. Ran Asabar mutum huɗu layi ya zo kansu, ni ne na uku.