Kurakuran da ke sa SSD ya rage gudu a cikin RAID

SSD, wato faifan ajiye bayanan kwamfuta marar sassa masu motsi, ba ya iya rubuta sabon bayani a kan tsoho sai ya fara goge gurbin. Shi ya sa yake buƙatar sanin guraben da aka daina amfani da su, domin ya share su tun kafin a nema. Umarnin TRIM ne ke kai masa wannan labari. Matsalar ita ce, RAID, wato tsarin haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar guda ɗaya, na tsakanin manhajar kwamfuta da faifan, kuma sau da yawa saƙon a nan yake maƙalewa.

Kuskuren da ya fi yawa ke nan: a ɗauka TRIM na aiki alhali ba a duba ba. Galibin katunan RAID ba sa isar da shi. A Linux, mdadm, manhajar da ke haɗa RAID, na isar da shi a nau'ikan RAID 0, 1 da 10, amma a RAID 5 da 6 a rufe yake sai an buɗe da gangan, don ba kowane faifai ne ke mayar da sifili daga gurbin da aka share ba, hakan kuwa na iya ɓata lissafin fariti, wato bayanan da ake maido da abin da ya ɓace da su in faifai ya mutu. Domin dubawa, a buga umarnin lsblk --discard. In DISC-MAX ya nuna 0 a kan na'urar RAID ɗin, saƙon ba ya wucewa. In yana wucewa, a kunna fstrim.timer, mai yin aikin sau ɗaya a mako.

Inda TRIM ya gagara, fili ne magani. A bar kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na kowane faifai ba tare da fatishan ba, wato ba a yanka shi don ajiye bayanai ba. Sai dai mutane kan yi haka a faifan da ya riga ya taɓa cika, wanda aikin banza ne, tunda a wurinsa guraben har yanzu suna riƙe da bayanai. Sai an fara share shi gaba ɗaya da blkdiscard, bayan an kwashe abin da ke ciki, sannan a yanka fatishan ɗin. Fatishan ɗin ya fara daga 1 MiB, wato sekta ta 2048, domin ya daidaita da guraben faifan.

Wani kuskuren shi ne zaɓen RAID 5 ga rumbun bayanai mai yawan ƙananan rubuce-rubuce. Kowane ƙaramin rubutu na jawo karatu biyu da rubutu biyu. A RAID 6 kuwa uku-uku. RAID 10 ya fi dacewa, ko da yake rabin fili ya tafi.

Faifan da aka ƙera don kwamfutar gida ma yana yaudara. Zai yi gudu har ma'ajiyarsa ta wucin gadi ta cika, daga nan ya koma tafiyar hawainiya, kuma yawanci hakan na faruwa ne daidai lokacin sake gina RAID bayan an canza faifai, sa'ad da ake rubutu ba tsayawa. Ga shi galibi ba shi da kariyar ɗaukewar wuta.

Akwai wani haɗari da ba a cika tunawa da shi ba. Faifai biyu iri ɗaya, an kunna su rana ɗaya a RAID 1, rubutu ɗaya suke sha, tare kuma suke tsufa. A 2019 kamfanin HPE ya yi gargaɗin cewa wasu SSD ɗinsa za su mutu da zarar sun cika awa 32,768 suna aiki, in ba a sabunta manhajar cikinsu ba. A riƙa duba lafiyar kowane faifai da smartctl, musamman adadin rayuwarsa da ya ci da kuma zafinsa, a canza guda ɗaya tun ɗan'uwansa na da sauran ƙarfi.