Yadda Ake Share Filin Idi Bayan An Watse

Kwamitin filin ne ya kamata ya ɗauki nauyin aikin, tunda shi ya tara jama'a, don haka tun ranar jajibere ya raba wa matasan unguwa tsintsiya da buhuna. Da zarar an kammala huɗuba, a fara tsince kwalaye da jaridun da aka shimfiɗa aka yi salla, kuma a ware duk takardar da ke ɗauke da ayar Alƙur'ani, kada ta shiga shara. Sannan a tattara ledojin ruwa, domin su ne ke toshe magudanai da damina. Daga nan a jera buhunan a bakin titi, a sanar da hukumar kwashe shara ta turo mota.