Yadda Mai Cinikin Sinadarai a Legas Zai Tsare Hajarsa Daga Zama Makami

A watan Yulin 2023 hukumar haramta makamai masu guba ta duniya, wato OPCW, mai mazauni a birnin Heg na ƙasar Holan, ta tabbatar da cewa an gama lalata dukkan makamai masu guba da ƙasashe suka bayyana mallaka, fiye da tan 72,000. Abin da ya saura yanzu shi ne hana a sake haɗa wasu, kuma wannan nauyi ya sauko har kan ɗan kasuwar da ke fito da kaya daga Apapa ko yake saro su a Ojota, domin Najeriya ta amince da yarjejeniyar haramta waɗannan makamai tun 1999.

Da farko, ka san ainihin abin da ke cikin duro. Sunan da masana'anta ta laƙa wa kaya ba ya wadatarwa, saboda haka ka nemi takardar bayanin haɗarin kayan tare da lambarsa ta CAS, wato lambar da ake tantance kowane sinadari da ita a duniya, sannan ka duba ko yana cikin jeri uku na sinadaran da yarjejeniyar ta sa wa ido. Jeri na uku ne ya fi shafar 'yan kasuwa, don a cikinsa akwai hajar yau da kullum irin su tirayetanolamin, wanda ake sawa a man shafawa da sabulu, alhali kuwa mugun hannu yana iya karkatar da shi zuwa haɗa guba.

Kafin kaya su taso, ka karɓi izinin shigo da su daga NAFDAC.

Inda aka fi yin sakaci, a ganina, shi ne wajen sayarwa. Ka ajiye littafi mai ɗauke da sunan mai saye, da adireshin masana'antarsa, da yawan abin da ya ɗauka, da aikin da ya ce zai yi da shi. Idan baƙo ya zo da tsabar kuɗi, bai yi tayi ba, ya ƙi karɓar rasit, kuma ya kasa faɗin abin da yake sarrafawa, to ka haƙura da wannan riba, ka sanar da jami'an tsaro. Yaran shago su ma a koya musu haka, tun da sau da yawa su ne ke tsaye lokacin da maigida ya tafi tashar jirgin ruwa.

Mai fitar da kayan jeri na uku zuwa ƙasar da ba ta shiga yarjejeniyar ba, kamar Masar ko Sudan ta Kudu, wajibi ne ya sami takardar shaida daga hukumomin can, wadda ta fayyace wanda zai yi amfani da su da kuma aikin da zai yi.