Yadda Ɗalibin Jinya Zai Koyi Kalmomin Ilimin Cuta Tun Daga Ƙwayar Halitta

Darasin fiziyopatoloji, wato ilimin yadda cuta ke sauya aikin jiki, yana cikin darussan da ɗaliban jinya a Damagaram suka fi kuka da su, kuma dalilin bai ɓuya ba. Da Faransanci ake koyar da shi, mafi yawan kalmominsa aro ne daga Girkanci da Latin, alhali marar lafiyar da za a tsaya a kansa gobe da Hausa zai faɗi abin da ke damunsa, ko da Barbarci, ko da Fulatanci. Ɗalibai da yawa sukan kama hanyar hadda ba tare da fahimta ba, su ci jarrabawa, amma ranar da aka tura su sitaji a Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram ko a wata cibiyar lafiya ta unguwa, majo, wato shugaban ma'aikatan jinya na wurin, ya yi musu tambaya guda a bakin gado, sai baki ya mutu. Hanyar da na ga ta fi zama a kai ita ce a ɗaure kowace kalma da abin da ke faruwa a cikin ƙwayar halitta, sannan a ɗaure ta da marar lafiyar da aka gani da ido. Na rubuta kalmomin yadda muke furta su, rubutunsu na jarrabawa kuwa yana cikin littafin darasi.

Abu na farko shi ne ka koyi kwance kalma, domin doguwar kalmar likita ƙunshi ce ta gutsattsari biyu ko uku. Idan ta fara da iper, abu ya wuce kima; idan da ipo, ya gaza kima; a ko an na nufin rashi; dis na nufin tangarɗa; taki sauri ne, biradi kuma jinkiri. A ƙarshen kalma, emi na nuna jini, uri na nuna fitsari. Wanda ya riƙe waɗannan zai kwance ipogilisemi da kansa, ƙasa da kima, zaƙi, jini, wato sukarin jini ya faɗi, abin da muke tsoro ƙwarai a kan yaro mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Haka ematuri, jini a fitsari, wanda ake gani ga yaran da ke wanka a tafki suka kamu da tsargiya. Gutsattsarin da za su ishe ka a shekarar farko ba su da yawa, kuma mako guda ya isa a san su.

Bayan haka sai ka zana ƙwayar halitta da hannunka, ka sake zanawa har sai ka iya ba tare da kallon littafi ba. Tun 1858 likitan nan na Jamus, Rudolf Virchow, ya dage a kan cewa a cikin ƙwayoyin halitta cuta ke farawa, kuma a kan wannan magana aka gina darasin baki ɗaya. Ka ɗauke ta tamkar gida. Tantanin da ya kewaye ta shi ne katanga da zaure, shi ke tantance mai shiga da mai fita. Cibiyarta, wadda ake kira nuwayo, ita ke ajiye ADN, wato sinadarin gadon halitta, a cikin kuromozom 46, 23 daga uwa, 23 daga uba. Ribozom ke haɗa furotin, lizozom ke narkar da shara. Mitokondiri kuwa shi ne murhu, inda ake ƙona sukari da iskar oksijin a samu makamashin da ake kira ATP. Sauran sassan za ka same su a littafi, amma a bakin gado tantani da murhu su ne za ka fi komawa gare su.

A jikin tantanin akwai wani famfo da ba ya hutawa, wanda a kan kowane ATP guda yake fitar da sodiyom 3 ya shigo da potasiyom 2. Dukansu sinadaran gishirin jiki ne, kuma famfon ne ya sa sodiyom ya fi yawa a wajen ƙwaya, potasiyom kuma a cikinta. Sai ka haɗa wannan da ƙa'idar osmoz, wadda a taƙaice ita ce ruwa yana bin gishiri. Duk wanda ya taɓa barbaɗa gishiri a kan yankakken tumatir ya ga ruwa ya tsatso, ya ga osmoz da idonsa. Daga wannan ƙa'ida kaɗai ayyukan jinya da dama suke fitowa. Ruwan da ake ƙara wa marar lafiya ta jijiya yana ɗauke da giram 9 na gishiri a kowace lita domin ya yi daidai da jini. Da zallar ruwa za a saka, da jajayen ƙwayoyin jini sun sha sun fashe. Ruwan gishiri da sukari da ake ba mai zawo yana aiki ne domin hanji yana shigar da sodiyom tare da sukari ta ƙofa guda, ruwa kuma ya biyo su. Potasiyom a jini kuwa bai kamata ya fita daga tsakanin milimol 3.5 da 5 a kowace lita ba, kuma ba a taɓa tura shi kai-tsaye cikin jijiya da sirinji, domin yana iya tsayar da zuciya nan take.

Yanzu ka koyi sarƙar da ta fi kowace muhimmanci a darasin, ka riƙa faɗinta da baki kana tafiya. Idan jini ya daina isa wani wuri, wannan ita ce iskemi. Idan oksijin ya yi ƙaranci a nama, ita ce ipoksi. Murhun da ya rasa iska ba ya ci sosai, sai hayaƙi: maimakon ATP kusan 30 daga ƙwayar sukari guda, sai a samu 2 kacal, tare da tarin tsamin da ake kira asid laktik. Da makamashi ya ƙare famfo ya tsaya, sodiyom ya taru a ciki, ruwa ya biyo shi, ƙwayar ta kumbura, kamar ɗakin da ke yoyo a tsakiyar damina, mai kwasar ruwan kuma ya gaji ya ajiye ƙwarya. Har zuwa nan ana iya ceto ta idan jini ya dawo. Idan aka makara, kalsiyom ya shiga, tantani ya yage, lizozom ya fashe ya narkar da gidan da kansa, to an kai ga nekuroz, mutuwar da ba a dawowa daga gare ta. Iskemi ta fi ipoksi kaɗai muni, domin ban da iska, abinci ma ya yanke, kuma babu jinin da zai kwashe shara. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ba sa jure fiye da minti 3 zuwa 5, naman zuciya kuwa yakan fara mutuwa bayan minti 20 zuwa 30.

Wannan sarƙa ita ce dalilin juya tsohon da ya shanye duk bayan awa 2, domin nauyin jikinsa ya danne ƙananan jijiyoyin da ke kan ƙashin ƙugu da diddige, kuma gyambon kwanciya nekuroz ne da ake gani a fili. Ita ce kuma ke bayyana numfashi mai zurfi na yaron da masassara ta galabaitar a watan Satumba, lokacin da ɗakunan yara ke cika: jikinsa ne ke ƙoƙarin fitar da tsamin da ya taru a jini. Akwai wata mutuwar ƙwaya ta daban, apoptoz, wadda jiki ke shiryawa da kansa cikin tsari ba tare da ta da hankalin maƙwabta ba, kamar yadda yatsun ɗan tayi ke rabuwa a cikin mahaifa.

Kowace cuta aka koya maka, ka yi mata tambayoyi huɗu, kuma amosanin jini, wato sikila, ya isa misali. Me ya kawo ta? Wannan ita ce etiyoloji, kuma a nan gado ne daga uwa da uba duka biyu; idan dukansu AS ne, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Ta yaya take ɓarna? Wannan ita ce patojeni, kuma a nan ɗalibai suka fi yin tsalle, alhali ita ce zuciyar darasin. Idan oksijin ya ragu, emogulobin ɗin S, wato gurɓataccen furotin mai ɗaukar oksijin a jar ƙwayar mai sikila, yakan dunƙule ya miƙe kamar tsinke, jar ƙwayar ta lanƙwashe kamar lauje, ta maƙale a ƙananan jijiyoyi, sai iskemi ta biyo baya, kuma ita ce azabar da ke sa yaro kuka da ƙashi. Lafiyayyar jar ƙwaya tana kwana 120, mai lauje kuwa kwana 10 zuwa 20, shi ya sa jini ke ƙaranci, ido kuma ya yi ɗorawa. Wanda ya gane haka ba sai an gaya masa dalilin da ya sa sanyin hunturu, da ƙishirwar bazara, da zazzaɓi ke ta da ciwon ba, kuma ya san amfanin ruwa da ɗumi a jinyarsa. Tambaya ta uku, me ake gani? A nan ka raba abin da marar lafiya ya faɗa, kamar ciwo da jiri, da abin da kai ka gani ko ka auna, kamar zafin jiki na digiri 39 ko farin tafin hannu. Ta huɗu, ina za ta ƙare? A nan kalmar puronostik, wato hasashen yadda cutar za ta kaya, ke shigowa, da matsalolin da kan biyo baya irin su shanyewar ɓarin jiki, da sekel, wato tabon da cuta ke bari bayan ta wuce, kamar kurumtar da sanƙarau ke bar wa wasu yara.

A ƙarƙashin tambaya ta farko akwai kalmomi uku da ake yawan jarrabawa a kansu. Idiyopatik ita ce cutar da ba a gano sanadinta ba, iyatirojen wadda magani ko aikin asibiti ya jawo, nozokomiyal kuma wadda aka ɗauka a cikin asibiti. Biyun ƙarshe sun shafi hannun ma'aikacin jinya kai-tsaye.

Inda Hausa kan yaudari ɗalibi shi ne a kan kalmar kumburi, domin mu da ita muke kiran abubuwa uku da ilimin cuta ya raba. Na taɓa tsayawa a ɗakin yara masu tamowa, majo ta nuna wa wata ɗaliba yaro ɗan wata goma sha takwas, kumatunsa cike, ƙafafunsa sun yi suntum, gashinsa ya yi ja ya yi laushi. Kakarsa na gefe tana cewa ai jikan nata ma ƙiba ya yi. Majo ta ce, "Malama, danna mini ƙafafun nan biyu, ki ƙirga uku." Ɗalibar ta danna da manyan yatsunta, da ta ɗaga sai ga rami ya zauna a kowace ƙafa, kamar an danna tuwon da ya huce. Majo ta juya wajen tsohuwar ta ce, "Inna, ki duba, wannan ruwa ne ya kwanta masa, jikinsa abinci yake nema." Wannan shi ne edem, ruwan da ya bar jijiya ya zauna a tsakanin ƙwayoyi, kuma a cutar kwashiyoko ƙarancin furotin ɗin albumin, wanda ke riƙe ruwa a cikin jini, yana daga cikin dalilansa. Babu zafi a wurin, babu raɗaɗi. Irin wannan yaro yana cikin tamowa mai tsanani ko da awon damtsensa bai faɗi ƙasa da milimita 115 ba.

Kumburi na biyu shi ne inflamasiyon, martanin jiki ga rauni ko ƙwayar cuta, kuma shi kalmomi masu ƙarewa da it ke nufi, kamar epatit a hanta da menenjit a rigar ƙwaƙwalwa. Jijiyoyi suna buɗewa, jini ya ƙaru, ruwa da fararen ƙwayoyi su fito, sai a samu ja, da zafi, da kumburi, da ciwo, da kasa aiki. Littattafan da aka rubuta a Turai sukan sa ja a gaba, amma a baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, don haka ka dogara da bayan hannunka wajen jin ɗumi, ka kwatanta da ɗaya gefen, ka lura da sheƙin fata. Na uku shi ne ƙari, inda ƙwayoyi ne da kansu suka yawaita.

Wannan ya kai mu ga yadda ƙwaya ke sauya kanta idan yanayi ya matsa mata. Ƙafar da ta daɗe a cikin filasta takan fito a tsotse, atirofi ke nan. Naman zuciyar mai hawan jini yakan yi kauri domin kowace ƙwaya ta ƙara girma, ipertirofi ke nan, a iperpilazi kuwa yawansu ne ke ƙaruwa, kuma mahaifar mai ciki tana yin duka biyun. Metapilazi ita ce wani irin ƙwaya ya maye gurbin wani, kamar a hanyar numfashin mai shan taba. Dispilazi ce abin sa ido, domin ƙwayoyin sun fara rasa tsari, kuma ita ake nema a bakin mahaifa lokacin gwajin da ake shafa ruwan kal, tun kafin ta zama sankara.

A lokacin sitaji ka ware ƙaramin littafi, kowace rana marar lafiya guda, shafi guda. Ka rubuta amsoshin tambayoyin nan huɗu da kalmomin darasi, a ƙasa kuma ka rubuta da Hausa, cikin jimla biyu ko uku, yadda za ka bayyana wa uwar yaron ko mai jinyarsa abin da ke faruwa. Inda ka ga Hausar ta ƙi fitowa, nan ne za ka koma ga zanen ƙwayar halitta ka sake bin sarƙar daga farko, ko ka kai wa majo tambayar bayan an gama zagayen safe. Kada ka rubuta sunan marar lafiya ko unguwarsu a cikin littafin. Shekaru da jinsi da ranar da ka gan shi sun wadatar.