Yadda za ka zaɓi inshorar lafiya a Legas ba tare da kuɗinka sun tafi a banza ba

Yawancin 'yan uwanmu da ke neman abinci a Mile 12, Agege da Alaba Rago ba ma'aikatan gwamnati ko kamfani ba ne, babu mai biya musu inshora. Daga aljihunka za ta fito, ga shi dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, ta 2022 ta wajabta ta a kan kowa. Amma kullum sai ka ji mutum ya fara da "nawa ne?" Bar maganar farashi tukuna.

Fara da asibiti. Nemi wanda za ka iya kai mara lafiya cikin dare ko cikin cunkoson Legas ba tare da ka tsallaka gada ba. Daga nan ka karɓi jerin asibitocin da kamfanin inshorar, wato HMO, ke hulɗa da su. Ganin sunan asibitinka a takarda bai isa ba. Taka da ƙafarka, je teburin da ake karɓar masu kati, ka tambayi ma'aikaciyar: har yanzu kuna karɓar katin wannan kamfanin? Suna biyan ku a kan lokaci? In likita ya rubuta hoto ko ganin ƙwararre, lambar izini na fitowa da wuri?

Wannan lambar ita ke kayar da mutane. Zazzaɓi da ƙananan ciwuka ana duba su kai tsaye, amma babban aiki sai asibiti ya nemi izinin kamfani. Na ga wani mai sayar da tumatir ya zauna a benci daga la'asar har bayan isha'i, ɗansa a cinya yana kyarma, ana ta kiran kamfani babu mai ɗauka. Daga ƙarshe ya ciro kuɗin cinikinsa ya biya, katin na aljihu. Asibitin da ke bin kamfani bashi ba ya rawar jiki a kanka. In ma'aikaciyar ta yatsine fuska da jin sunan kamfanin, nemi wani.

Sai takardar sharuɗɗa. Wuce shafin alkawura, je wurin abubuwan da ba sa biya. Tsarin da mutum ya saya da kansa yakan zo da lokacin jira: haihuwa da tiyata sau da yawa sai an yi watanni, wani ma shekara. Wanda ya bari sai matarsa ta ɗauki ciki sannan ya yi rajista, ya makara. In kana da hawan jini ko ciwon suga, faɗa tun farko, a rubuta maka ko za su biya maganin. Duba kuma iyakar abin da za su kashe maka a shekara.

Tsarin iyali galibi mata ɗaya ne da 'ya'ya huɗu. Mai mata biyu ya tambayi kuɗin ƙarin mutum kafin ya sa hannu.

In kuɗi sun yi ƙaranci, akwai tsarin Ilera Eko na gwamnatin jihar, wanda LASHMA, hukumar da ke kula da inshorar lafiyar jihar, ke gudanarwa, ya fi na kamfanoni sauƙi. Sai dai na mazauna Legas ne. Ni a ganina duk wanda ke zuwa Kano ko Sakkwato sallah, ko iyalinsa ke gida, ya nemi tsarin da ke da asibiti a garinsu.

Yanzu ne za ka kwatanta farashi. Tabbatar kamfanin na da rajistar NHIA, ka biya a asusun kamfani, ba na dillali ba, ka karɓi rasit. Ajiye lambar kiransu a wayarka da ta maiɗakinka, kuma ka sabunta kafin wa'adi ya cika, don kada lokacin jira ya dawo sabo.