Yadda Ake Amfani da Siffofin Turanci Ba Tare da Kuskuren Ma'ana Ba

Na daɗe ina koyar da yaran da ke shirin jarrabawar WAEC da NECO, kuma a kan siffa, wato kalmar da ke bayyana yadda mutum ko abu yake, jan biro ya fi cin takardunsu. Abin takaicin shi ne sun haddace kalmomin sarai. Yaro zai jero maka siffofi hamsin ba gargada, amma da ya zo rubuta insha'i sai ya ɗauki kalmar Turanci ɗaya ya ɗora a kan ta Hausa ɗaya, ya ɗauka shi ke nan.

Ka fara da sauke nauyin jinsi da jam'i. Mu muna cewa farin doki, farar riga, fararen kaji. A Turanci "white" ce kawai a duka ukun, ba a ƙara mata komai, kuma gaban suna take zama: "white horse", "white shirt". Wannan a kwana ɗaya ake gane shi, ba zan tsaya a kansa ba.

Inda za ka zauna da gaske shi ne ma'ana. Wata ɗalibata, yarinya mai ƙoƙari ƙwarai, ta rubuta labarin Babbar Sallah a gidansu, ta ce "the meat was very sweet". Da na ja layi a ƙarƙashin kalmar, sai ta biyo ni da takardar a hannu, ta ce, "Malam, ai naman ya yi daɗi ne." Gaskiyarta, kuma haka ake faɗa a titi. Amma "sweet" zaƙi ne, na zuma da rake da alawa. Daɗin nama ko na miyar kuka "tasty" ne ko "delicious". Ranar na gane ni ne ban koyar da abin daidai ba, don jerin kalmomi nake ba su tsirara, babu sunan da suke tafiya da shi.

Dubi "dogo". Mutum, bishiya da bene, abin da ke tsaye, "tall" ne. Hanya, igiya da gashi "long" ne. Katanga da dutse kuwa "high" ake ce musu. Kalma ɗaya a wurinmu, uku a wurinsu. Haka ruwan sama mai ƙarfi, ba "strong rain" ba ne, "heavy rain" ake cewa, alhali shayin da ganye ya kama sosai "strong tea" ne. Yayanka kuma "elder brother" ne ko "older brother".

Saboda haka ga dokata, ba na sassauta ta ga kowa: kada ka taɓa rubuta siffa ita kaɗai. Sami littafin rubutu mai araha, kowace siffa ka sa mata sunaye uku da ka gan ta tare da su. Idan kuɗin ƙamus na Oxford Advanced Learner's ya yi maka yawa, nemi na hannu wurin masu sayar da tsofaffin littattafai, ko ka buɗe shafinsu na intanet a waya, kyauta ne in ban da data. Misalan da ke ƙarƙashin kalma za ka karanta, sun fi bayanin ma'anar amfani.

Sai tagwayen nan masu ƙarewa da "-ed" da "-ing". Mai "-ed" na wanda abin ya shafa ne, mai "-ing" na abin da ya jawo shi. "I am bored" na nufin na gundura. "I am boring" kuwa ka ce kai ne mai gundurar mutane. Na ji saurayi ya faɗi haka a gaban aji, aka yi masa dariya, ya yi makonni bai ƙara ɗaga hannu ba. Haka "tired" da "tiring", "interested" da "interesting", "confused" da "confusing". Kafin ka rubuta, tambayi kanka: ni ke ji, ko ni ke sa a ji?

Idan siffofi sun taru a kan suna ɗaya, suna da layi: ra'ayinka tukuna, sai girma, shekaru, fasali, launi, asali, sannan abin da aka yi shi da shi. Shi ya sa ake cewa "a beautiful black leather bag". Ni dai ban yarda ɗalibi ya wuce uku ba, biyu ma sun wadatar.

Wajen kwatanci, inda muke cewa Audu ya fi Bala tsawo, gajeriyar siffa tana ɗaukar "-er", doguwa kuma "more": "taller than", "more beautiful than". Ɗaya ake zaɓa, "more better" kuskure ne. "Good" takan koma "better" da "best", "bad" kuma "worse" da "worst", waɗannan sai hadda. Kullum da dare ka siffanta abu biyar da ke ɗakinka a jimla cikakkiya, ka kai wa wanda ya fi ka ya duba da safe.