Intabiyun aikin nemo wa jami'a tallafi: inda ake yawan yin tuntuɓe

Jami'o'in jihar Katsina, daga ta Umaru Musa Yar'adua da Al-Qalam zuwa ta tarayya da ke Dutsin-Ma da ta sufuri a Daura, kowacce na buƙatar kuɗi fiye da wanda ke shigo mata. Don haka kujerar mai hulɗa da gidauniyoyi tana da nauyi, kuma yana damuna in ga matashi mai ƙwazo ya rasa ta saboda abin da shirin mako guda zai gyara.

Babban kuskuren shi ne ɗaukar aikin kamar bikin ƙaddamar da asusu: a kafa rumfa, a gayyato masu hannu da shuni, sanƙira ya kama lasifika, a yi ta alƙawarin miliyoyi. Gidauniya tana da manufarta a rubuce, tana neman wanda buƙatarsa ta dace da ita. Gidauniyar MacArthur ta Amurka, wadda ta shafe shekaru tana tallafa wa ABU Zariya da Jami'ar Bayero da ta Ibadan da ta Fatakwal, sai da ta ga tsari da kasafi da wanda zai ɗauki alhakin aiki. Kafin ranar intabiyun, ka zaɓi gidauniya biyu ko uku, ka karanta abin da suka tallafa wa kwanan nan, ka haɗa kowacce da wani sashe na jami'ar. Idan ka ce binciken noman rani ko na hamada zai dace da wance, ka faɗi dalili, kwamitin intabiyun zai gyara zama.

Wasu kuma da "na san wane" suke shiga. Sanayya tana buɗe ƙofa, ba na musu, amma kwamitin zai tambayi abin da za ka ajiye a teburin wanen. Ka zo da takardar neman tallafi mai shafi biyu da ka rubuta da hannunka, ko da ta gyaran makarantar Islamiyyar unguwarku ce: matsalar, masu amfana, kuɗin da za a kashe, wa'adin gamawa.

Kada ka kira TETFund gidauniya. Hukumar gwamnati ce da dokar 2011 ta kafa, kuɗinta daga harajin da kamfanoni ke biya yake, kuma manyan makarantun gwamnati take ba. Wanda ya je Al-Qalam, jami'a mai zaman kanta, ya ce daga TETFund zai kawo kuɗi, ya nuna bai yi shiri ba. Haka nan wanda bai san masu bayarwa na gida ba, irin su Gidauniyar Dangote da ASR Africa ta Abdul Samad Rabiu da aka kafa a 2021, da tsofaffin ɗalibai, da hanyar waƙafi da mutanenmu suka sani tun kaka da kakanni.

Inda aka fi zamewa shi ne abin da ke biyo bayan shigowar kuɗi. Ana iya ce maka: an ba da kuɗin kayan ɗakin gwaje-gwaje, ga shi dizal ya ƙare, wani babba ya ce a ara. Mai son faranta rai zai ce a ara a mayar. Amsar ita ce: "Ranka ya daɗe, kuɗin da aka ware wa abu amana ne, ba a juya shi sai da rubutaccen izinin masu shi." Sai ka ɗora da yadda za ka riƙa aika rahoton aiki da na kuɗi kan lokaci, tare da ofishin bursa mai kula da kuɗin jami'a, domin rahoton da ya makara yakan hana tallafi na biyu.

Kada ka ƙara gishiri a adadin da ka taɓa nemowa. Waya ɗaya ta isa a gane. In aikin na mutum biyar ne, ka faɗi naka kason. In an ce ko kana da tambaya, ka tambayi wane tallafi ne jami'ar ke riƙe da shi yanzu, da ranar da rahotonsa na gaba zai cika.